Ranar da na ɓoye filashin ɗin Bitrus

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma tun yanzu in faɗa muku ni ne wawan labarin, ya faru ne ina gadi a wani kamfanin jima a Challawa. Lokacin waya ba ta yawaita ba, ɗana ya aiko min da guda. Ni da na tsaya a aji uku, sai ga ni ina rataye da ita a wuya kamar laya.

Da rikici ya tashi a Filato, ma'aikatanmu 'yan can suka yi ta karɓar 'yan uwa. Cikinsu akwai Maman Bitrus, yayar Rifkatu mai aiki a wajen shanya fata. Ita ta tsero, ɗanta Bitrus ya maƙale a wata firamare da aka tara mutane. Ba shi da waya, ba shi da kati. Sai aka aika masa lambata ta hannun wani direba, aka yi yarjejeniya: kullum zai ari waya, ya hau dutse inda ake samun sabis, ya yi filashin sau biyu. Ma'ana yana raye.

Don haka kowace la'asar sai ta zo bencina ta tambaya ko wayar ta yi ƙara. In na ce ta yi, ta yi godiya, ta ɗan zauna tana ba ni labarin garinsu: duwatsu sun hau kan juna kamar an jera su da hannu, hazon safe, gonar acca, sanyin da ke sa mutum kwana da rigar sanyi ko da bazara. Ni kuwa gwauro, shekara shida da rasuwar mai ɗakina, sai in lumshe ido. Warin fata ya ɓace, ƙarar inji ta koma ƙarar ƙorama, in gan ni a kan dutse da sanda ina kiwon akuyoyin da ban mallaka ba. (Har turare na saya. A Challawa! Asara kenan, iskar wajen ta cinye shi kafin in rufe kwalba.)

Damuwata ɗaya, ba ta daɗewa. Rannan Bitrus ya yi filashin da wuri, tun azahar. Da ta zo, Shaiɗan ya raɗa min, na ce ba ta yi ba tukuna, ta zauna mu jira. Ta zauna. Na kawo zancen duwatsu, amma idonta na kan wayar da ke ƙirjina, ni kuma (Allah ya yafe min) ina ɗauka ni ake kallo. Har aka kira magariba ta tashi, na ji nauyin warware maganata, na ce gobe ma rana ce.

Da safe sai ga ta da jakar Gana-mas-go, idanu a kumbure, za ta tasha. Rifkatu na riƙe da zanenta tana roƙo, hanya ba lafiya, ana tare motoci. Maman Bitrus ta ce ko gawa ce sai ta gani da idonta. Ma'aikata sun taru a bakin get. Nan na gane tsoho in zai yi wauta, gara ya yi ta da abinsa, ba da ran ɗan wani ba. Na ciro wayar na miƙa wa Rifkatu, ta karanta da ƙarfi: kira biyu, jiya, ƙarfe biyu da 'yan mintoci.

Na soma kame-kame, wai ido ne, wai rubutun ƙanana ne. Maman Bitrus ta ajiye jaka, ta dube ni sama da ƙasa.

"Baba Maigadi, in hira kake so, da ka roƙa, kyauta ce. Jiya sau bakwai na binne ɗana a kan bencin nan, kana gefena kana gyara hula."