Rasuwar Diskin da Ke Riƙe da Iyakar Gonata

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ban saba nuna wa kowa ba, ni Laminu Bukar, manomin tattasai, mazaunin Diffa tun shekarar da muka baro bakin kogin Komadugu, ina sanar da rasuwar diskina na ajiya. Ya cika ranar Alhamis da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya a hannuna.

Marigayin baƙi ne, bai fi tafin hannu ba. Ba shi da surutu. Idan aka jona shi da kwamfutar 'yata Balkisa sai ya ce ƙirrr, ya yi shiru, ya kama aikinsa. Bai taɓa neman mai ba kamar injin ban ruwa. Abin da aka ba shi ajiya ya riƙe. Ban san mutum uku a garin nan da zan yi wa wannan shaida ba.

A cikinsa akwai bidiyon ranar da bulama, wato mai garinmu, da dattawa huɗu suka taka iyakar gonata, daga tsamiya har bakin ruwa, kowa yana faɗa da bakinsa. Takarda ba mu da ita. Tsamiyar ma an sare ta bayan mun tashi. Yanzu mutane sun fara komawa, kuma maƙwabcina Sulaiman ya ce gefen ruwan nasa ne. Alƙali ya sa mana ranar Litinin mai zuwa.

Ga yadda ciwon ya fara. Balkisa ta kai kwamfutarta aka sa mata sabon tsari, aka share tsohon da duk abin da ke ciki, tunda akwai kwafi wurin marigayi. Da kwamfutar ta dawo gida sai ta ƙi gane shi. Shekara da shekaru suna ci a kwano ɗaya. Balkisa za ta tafi aiki, ta ce kada a taɓa komai. Ni ba a kafa mini doka a cikin gidana. Na jona shi. Kwamfutar ta fito da tambaya da Faransanci, da amsa biyu a ƙasa. Na danna ta hannun dama, yadda aka koya wa kowane ɗan Musulmi. Marigayi ya ce tik, tik, tik, fitilarsa ta yi ta ƙiftawa har aka kira la'asar. Na ɗauka murna yake.

An yi ƙoƙari. Faisal mai gyara a kasuwa ya duba, ya ce an wanke cikinsa tas, an zuba sabon kaya a kai. Abin da ya nuna mini hoton wani dutse ne mai ƙanƙara, wanda ba a ƙasar nan yake ba. Na binne marigayin a buhun shinkafa. Liman ya yi masa tofi ba da son ransa ba. Na kai shi firijin mai sayar da ruwan sanyi ya kwana. Da aka fito da shi bai sake cewa komai ba.

Masu cewa ni na kashe shi, maganar tana zuwa kunnena. Su zo su faɗa a gabana.

Ya bar igiya ɗaya, da jakar fata da na ɗinka masa, da kwamfutar da ta juya masa baya. Ita ba a gayyace ta ba.

Za a rufe shi ranar Asabar da sassafe a bayan gida. Ba salla, liman ya ƙi, kuma yana da gaskiya. Ba abinci. Sulaiman na iya zuwa ta'aziyya, ya tsaya daga ƙofa.

Daga nan mota za ta kwashe mu zuwa garin Assaga. Cikin waɗanda suka taka iyakar, Malam Abbakar kaɗai ya rage, kuma a can yake zaune. Ya haura tamanin, yana tuna abu da safe ya manta da yamma, don haka ba za a jira kowa ba. Kowa ya zo da wayarsa cike da caji, a ɗauki maganarsa a kowace waya.

Shekara shida ni da shi ba ma gaisawa. Ni zan fara gaishe shi. Wannan kada wanda ya ɗauka.