Ranar da Aka Yi wa Madam Aski

Wani mutum ne a Tarauni, Alhaji Tanimu, wanda tun da Allah ya ba shi baki ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ka ce masa an yi girgizar ƙasa a Japan, zai ce ai shi tun makon jiya ya ga alama. Sana'arsa sayar da tayil ce, kuma ita ya iya, amma ita ce kaɗai ba ya son a yi hira a kanta.

Wani zuwa Dubai da ya yi saro kaya, sai ga shi ya dawo da kyanwa. Irin masu dogon gashin nan ce, masu fuska kamar an rufe musu ƙofa a hanci. Ya raɗa mata suna Madam. Tsakani da Allah, Madam ta haɗu. Fara ce, amma in ta motsa sai ka ga bayanta yana sheƙi kamar an barbaɗa mata garin azurfa.

Su masu kiwon irin waɗannan kyanwoyi suna da rabe-rabensu, kuma ba sa wasa da su. Gashin duk fari ne daga tushe, bambancin a tsini yake. Idan baƙi ya ɗan taɓa ƙarshen silin gashi kawai, ita ce suke kira cincila. In ya gangaro kusan sulusi, sai su ce mai inuwa. In kuwa ya kusa cinye silin, sai an buɗa gashin ake ganin fari a ƙasa, to mai hayaƙi ke nan. Alhaji Tanimu ya haddace sunayen nan uku tsaf. Bayanin ne dai bai samu lokacin saurara ba.

"Cincila ce tsantsa," in ji shi a majalisa. "Kakarta kofi ta ci a Landan. Kafin a sallama min ita sai da aka yi min tambayoyi."

Injiniya Bashari, wanda yake da muzuru mai inuwa kuma ba ya yawan magana, ya ce, "Alhaji, ni dai na ji an ce launin a bakin gashi yake tsayawa."

"Na muzurunka ke nan, Injiniya. Na Madam a jini yake. Ko fatarta ka duba, azurfa ce."

Ana nan sai ƙungiyarsu ta masu kiwon kyanwoyi ta shirya gasarta ta farko. Don gudun rigimar zaɓe, aka yi yarjejeniya cewa wanda kyanwarsa ta zo ta ɗaya shi ne shugaba. An sha ganin hanyoyin zaɓe da ba su kai wannan hankali ba. Alhaji bai jira ranar ba. Ya buga kati mai ɗauke da "Shugaba" a ƙarƙashin sunansa, ya raba har a masallaci.

Ana gobe gasa ya tafi shagon Nafi'u mai aski don gyaran fuska, Madam tana cikin kwandonta. Da aka gama da shi ya dubi madubi, ya dubi Madam. A ganinsa ba a zuwa taro ba aski, ga shi kuma gashinta wani ya fi wani tsawo.

"Nafi'u, daidaita mata."

"Wa, ranka ya daɗe?"

"Madam. Sama-sama kawai, a ɗauke tsinin nan."

"Alhaji, ban taɓa yi wa mage ba."

"Ni ma ban taɓa zama shugaba ba. Fara."

Nafi'u ya ɗauki almakashi. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa, bai bar sili ɗaya ya fi ɗan'uwansa ba. Da ya gama ya karkaɗe ta da buroshi, har da ɗan turare. Madam ta miƙe fara fat kamar auduga.

Alhaji ya zagaya ta. Ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Ya dawo da ita.

"Ina azurfar?"

Nafi'u ya nuna da tsintsiya. "Ga ta can a kwandon shara, ranka ya daɗe."

Da wani ne, da sai ya ce kyanwarsa ba ta da lafiya, ya yi zamansa a gida. Amma kati ya riga ya shiga gari. Alhaji ya isa gida ya wuce kicin, inda rabonsa da shiga tun ranar da aka sa tayil.

"Hajiya, ara min turmi da rariya. Da gawayi."

Matarsa Hajiya Uwani ta dube shi. "Alhaji, lafiya?"

"Harkar ƙungiya ce."

Da safe ya shafa wa Madam man gashin Hajiya don abin ya kama, ya zuba dakakken gawayi a rariya, ya riƙe a samanta ya yi ta kaɗawa. Daga nesa, in mutum bai sa tabarau ba, aikin bai yi muni ba.

Ya isa ɗakin taro cikin sabuwar farar shadda, babbar riga har ƙasa. Alƙaliyar gasar likitar dabbobi ce daga Zariya, Dokta Lubabatu, mace mai tabarau da ƙarancin murmushi. Duk kyanwar da aka ɗora a tebur sai ta buɗa gashin da yatsu, ta ɗan hura, ta ga inda baƙin ya tsaya.

Aka kira Madam. Alhaji ya ajiye ta ya juyo ga jama'a.

"Jama'a, ku matso ku ƙaru. Ba kullum ake ganin cincila a Kano ba."

Dokta ta sunkuya. Ta buɗa gashin. Ta hura.

Fuu!

Wani baƙin gajimare ya tashi ya lulluɓe mata tabarau. Dokta ta yi atishawa. Madam ma ta yi, sannan ta zauna ta shiga lasar cinyarta. Lasa ɗaya, farar hanya ta fito. Ta ɗago kai, harshe baƙi ƙirin.



"Haka suke yi in sun ga taro," in ji Alhaji. "Firgita ce. Launin yakan ɗan tashi, anjima zai koma."

Injiniya Bashari ya matso ya leƙa bayan Madam. "Wannan hannun Nafi'u ne. Na san aikinsa, shi yake yi min."

Madam ta gaji da jama'a. Ta yi tsalle ta ɗafe kafaɗar maigidanta, ta goga jikinta a wuyansa, ta sulalo ta ƙirji tana gurnani. Kafin ya ɓamɓare ta, ta sauke masa duk abin da ya ɗora mata.

Dokta ta cire tabarau ta goge shi a nutse.

"Alhaji, kyanwarka lafiyarta ƙalau. A yau dai fara ce. Askin ma ya yi kyau."

Ta mayar da tabarau, ta kamo hannun babbar rigarsa, ta buɗa ninkin da yatsu kamar yadda ta yi wa sauran, ta ɗan hura.

"Wannan kuwa tushe fari, baƙin ya sauko kusan sulusi. Mai inuwa ce, kuma mai kyau. Da rigar ka shigar, Alhaji, da ka samu na biyu."