Ranar da Na Jera Facin Malama Falmata Bisa Haruffa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a ɗakin taron wata makaranta da ke unguwar Herwagana a Gombe ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina, kuma na kai shekarun da mantuwa ke zuwar wa mutum ba da gayyata ba.

Ya kamata in fara gabatar da kaina, domin a san tsawon wurin da na faɗo. Ni tsohon hedimasta ne, ɗan makarantar mishan irin ta da, inda ake duba farcen yaro kafin a duba littafinsa. A can aka koya mana cewa kowane abu yana da jerinsa, kuma babu jeri mai daraja kamar na haruffa: Adamu ne ke fara shiga aji, Zakariya ya jira, ko da shi ya riga kowa zuwa. Na yi aiki har na yi ritaya ba wanda ya taɓa kama ni da kuskure a rubuce. (Ban ce ban taɓa yi ba. Na ce ba a kama ni ba.) Wannan suna shi ne abin da na fito da shi daga aikin gwamnati, kuma ina ji da shi ƙwarai.

A shekarun da rikici ya koro mutane daga Borno, azuzuwan Gombe suka cika da yaran da suka iso ba takardar haihuwa, ba ta canjin makaranta. Makarantunmu da dama suna amfani da wata manhajar rajista wadda ba ta kamfanin kowa ba ce. A buɗe take, duk mai iyawa zai duba cikinta, ya rubuta gyara ya aika, kuma wannan gyaran shi ake kira faci. Matsalar ita ce manhajar ba ta karɓar yaro sai da lambar takarda. Malama Falmata, malamar kwamfuta wadda ita ma gudun ne ya kawo ta unguwar Madaki da iyalinta, ta ɗauki nauyin gyarawa. Ni kuwa an shigar da ni domin in riƙa duba Hausar da ke fitowa a allo. (Ina zaton kuma domin masu shagunan unguwarmu su huta da gyaran allunansu da nake yi.)

Akwai wata na'urar gwaji a intanet da duk faci ke bi ta hannunta. Takan ɗora shi a kan manhajar, ta gwada, ta ba da kore in ya yi daidai, ko ja in bai yi ba. Tun ranar farko na ƙaunace ta. Ba ta jin roƙo, ba ta san ɗan wane ba. Sai na ji kamar ni aka ƙera da ƙarfe.

Falmata ta rubuta faci uku, sai tafiya ta kama ta zuwa Biu domin ɗauko mahaifiyarta, a lokacin da shingayen bincike ke mai da tafiyar wuni ta kwana biyu. Ta bar mini aikin, ta ce, "Baba, Hausar kawai za ka duba mini. In ka gama, ka aika su yadda suke."

Na duba Hausar, na same ta da kyau, abin da ya ɗan ɓata mini rai. Daga nan idona ya faɗa kan jerin. Na ɗaya sunansa Taskar bayanai, na biyu Fom na rajista, na uku Buga kati. Ta kafin Fa, Fa kafin Ba. Na cire tabarau na goge, na mayar. Haka dai yake. Bugu da ƙari, a ƙasan na biyu da na uku akwai wani layi na haruffa da lambobi a cakuɗe, kamar kaza ta taka allon rubutun. Na tausaya wa yarinyar, na ce gajiya ce da damuwar uwa. Na share layukan biyu, na sake jerin, Buga a gaba, Taska a ƙarshe, na rubuta bayanin abin da na yi kamar yadda doka ta ce, na aika.

Na'urar ta ba da ja.

Na sake aikawa, kamar yadda ake ba ɗalibi damar sake jarrabawa. Ja. Na aika sau na uku, ina zaune a miƙe, da maɓallin wuyana a ɗaure. Ja, har sau uku a jere, ɗaya bisa ɗaya.

To, tunda na san na'urar ba ta kuskure, ni ma kuma ba na yi, saura mutum ɗaya. Na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ga dukan masu aikin manhajar, na nan gida da na nesa, mai sakin layi bakwai, kowanne da lambarsa. Ban ambaci suna ba, na dai yi magana a kan "aikin gaggawa" da "tarbiyyar da ta yi ƙaranci a zamanin nan". Sakin layi na biyar ya yi mini daɗi har na karanta wa matata sau biyu.

Ranar Alhamis shugabannin makarantu suka taru domin a nuna musu gyaran. Bayan an laluba kowa a bakin ƙofa, muka zauna. A gefena akwai Malam Yohanna, wanda muka yi aji ɗaya da shi a mishan, kuma bai taɓa yafe mini zama monita a kansa ba. Falmata ta shigo da ƙurar hanya a mayafinta, ta durƙusa kusa da kujerata.

"Baba, ina kwana? Ko za mu ɗan fita waje, minti biyu?"

"'Yata," na ce, da murya yadda na baya za su ji, "a makarantar da na yi ba a gyara kuskure a bayan ƙofa. A haska a bango kowa ya ƙaru."

"Baba, don Allah, waje ya fi."

"Malama, kunna majigin."

Ta dube ni, ta dubi rufi, ta kunna.

Ashe ita wannan manhajar tana da littafin tarihi, kuma ya fi duk rajistar da na taɓa riƙewa gaskiya. Duk wanda ya taɓa wani abu, tana rubuta sunansa da ranar da sa'ar. Sunana ya fito a bango, cikakke, har da muƙamin da na nace a saka mini. Kowane harafi ya kai girman tafin hannu. A ƙasa ga layuka biyu da na share, an ja musu ja. A ƙarƙashinsu kuma ga bayanina.

Yohanna ya miƙe. Mutumin da ke kukan ciwon gwiwa tun da muka shigo, ya miƙe kamar soja. "Na baya ba sa gani," in ji shi, "bari in taimaka." Ya gyara murya ya karanta a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta: "'Na share datti, na kuma jera su bisa haruffa, kamar yadda ya dace.'" Ya juyo. "Monita, wannan hannunka ne ko na wani?"

Wani shugaba ya nemi a yi masa bayani, kuma Falmata ta yi, tana kallon ƙasa. Faci na uku yana buga wa yaro kati daga fom, fom kuwa yana zuba bayanansa ne a taska, saboda haka dole taska ta riga su. Layin da na kira datti shi ne ke gaya wa na'urar cewa wannan facin ya dogara da wancan, ta ɗauko shi tukuna kafin ta gwada. Ni kuwa na tura mai buga kati ya buga wa yaron da ba a rubuta ba, daga rajistar da ba a ɗinka ba, sannan na yage takardar da ke nuna masa hanya.

"Wato ya ɗora rufi," in ji Yohanna, "ya tsaya yana zagin magini don ba bango."

Ɗakin ya fashe. Wata hedimistires da na taɓa mayar wa rahoto sau huɗu ta sa goshinta a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Falmata kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai zafi. Ta mayar da layukan, ta mayar da jerin, ta aika. Kafin in gama neman inda zan ajiye idona, bango ya yi kore. A makon nan aka fara rubuta yaran.

Washegari na rubuta wasiƙa ta biyu zuwa ga mutanen da suka karanta ta farko. Layi uku ce, da sunan Malama Falmata a ciki da nawa, kuma ta fi waccan wuyar rubutu nesa ba kusa ba. Wani daga nesa ya amsa cewa kowa ya taɓa yin haka. Na gode masa, amma na san ba kowa ne ya nemi majigi ba.

Abin da na koya, a shekarun da nake zaton na gama koyo, shi ne wannan: idan ka ga abin da ba ka gane ba a aikin wani, ba lalle ne datti ba ne, mai yiwuwa shi ke riƙe da ginin. Idan kuma mai hankali ta durƙusa ta ce maka ku fita waje minti biyu, ka ɗauki hularka ka bi ta.