Ranar da Na Tsallakar da Ghana da Biro

Ranar wasan ƙarshe na rukuni a gasar ƙwallon mata, Hajiya Rabi mai wake da shinkafa a layinmu na Ayigya Zango ta yi alwashi: in 'yan matan Ghana suka tsallake zuwa zagaye na gaba, tukunyarta sadaka ce. Ni aka naɗa mai lissafi, domin ina da biro, kuma ina magana kamar rediyo.

Na zana maki a bayan kwali, na yi bayani dalla-dalla: canjaras ya ishe mu, muddin ɗaya wasan rukunin ya tashi babu ci.

Aka busa tashi, canjaras. Na duba wayata, can ma babu ci. Na miƙe, na gyara murya.

"Jama'a, mun tsallake."

Guɗa ta tashi! Direbobin motocin haya na trotro da ɗalibai suka yo ca da kwanuka. Hajiya tana zubawa tana rawa, har da ƙwai da soyayyen yaji na shito. Ni kaina faranti biyu na ci.

Ana kankare ƙanzo sai ga Baba Isaka tela, rediyo manne a kunne.

"Murnar me kuke yi? Can an ci tun ɗazu. An fitar da mu!"

Ashe datar wayata ta ƙare tun hutun rabin lokaci.

Hajiya ta dubi tukunya, ta dube ni, ta ce, "Allah ya karɓa."

Har yau in na miƙa kwano da safe, sai ta sallami na bayana tukuna.

"Dakata, ɗana. Bari ɗaya wasan ya tashi."