Barcin da na yi a siton auduga

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, ni ke riƙe da makullin siton auduga a Roni. Nakan cika baki cewa ko ɓera ya motsa sai na farka. Wata ranar kasuwa na sayi maganin ƙarin jini. Mai kemis ya ce cokali biyu, ni kuwa na ga jikina ya fi ƙarfin cokali, na sha rabin kwalba. Ban san da giya a ciki ba. Bayan azahar na kulle kaina a sito, na kishingiɗa.

Wuta ta kama rumfar da ke jikin bangon siton. An ce ƙarfen da ake bugawa in an yi gobara, har tsagewa ya yi a bakin tagata. Ban ji ba. Matata, Allah ya jiƙanta, ta zo a guje ko mayafi babu.

"Ku fasa ƙofar! Malam yana ciki!"

Da gatari aka fito da ni, hayaƙi ya cika ɗakin, ni kuwa ina minshari.

Shekara talatin, kowace asuba sai ta taɓa ƙafata ta ce, "Malam, za ka tashi, ko in aika a kawo gatari?" Yanzu agogo ke tashina, shi kuwa ba ya tambaya.