Rasuwar 'Yar Huɗu, Laimar Iskar Injiniya Yahya

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da na daɗe ina haɗiyewa, ni Ikilima Habu Gumel, mai ba da magani a wata saidaliyya a Al-Azizya, mazauniya unguwar Ƙurban a nan Madina, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar 'Yar Huɗu. Ta bar mu ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar, a wani fili da ke gefen hanyar Tabuka, tana da shekara takwas a duniya.

Ga wanda bai san ta ba, 'Yar Huɗu laimar iska ce, irin wadda masu wasan ke kira kait. Ja ce mai ratsin fari. Tana da dogayen igiyoyi, da sandar sarrafawa, da ɗamarar da mutum ke ɗaurawa a ƙugu. Aikinta shi ne ta tashi sama, ta cika da iska, ta ja mutumin da ke tsaye bisa katakan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Faɗinta murabba'in mita huɗu ne, daga nan ta samo sunanta. Mai ita na farko shi ne maigidana, marigayi Injiniya Yahya Sabo, Allah ya jiƙansa. Ni gado na ci.

Na san wasu za su tambaya me laimar dusar ƙanƙara take yi a garin da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu da azahar. Tambayar ta dace, kuma ga amsarta.

Abban Suhaila ya yi shekara ashirin da biyu yana kula da manyan injinan sanyaya gine-gine a garin nan. Sanyi ne sana'arsa, amma bai taɓa ganinsa a kwance a ƙasa ba sai da muka je Kanada duba 'yarmu Suhaila, lokacin tana karatu. Ta kai mu bakin wani tafki da ya daskare, fari fat har iyakar gani. Mutane na wucewa a kansa da gudu, ba inji, ba ƙara, laimomi ne kawai ke jan su. Ni na koma mota saboda yatsuna sun daina ji. Shi kuwa ya tsaya a wurin fiye da rabin awa, dattijo mai shekara hamsin da uku, hannu a aljihu. Da ya shigo, gemunsa duk ƙanƙara, abin da ya ce kawai shi ne, "Umm Suhaila, ni fa sai na yi wannan."

Zaɓen 'Yar Huɗu ya ci mu kwana uku, kuma ya so ya haɗa mu faɗa. Shi ransa na kan wata ƙatuwa shuɗiya mai mita goma sha biyu, don ita ya gani tana ɗaga wani saurayi sama. Mai shagon wata tsohuwa ce mai furfura, wadda ba ta da saurin murmushi. Ta tambaye shi nauyinsa, ya faɗa. Ta tambaye shi sau nawa ya taɓa riƙe sandar, ya ce bai taɓa ba. Ta tambaye shi inda zai yi wasan, ya ambaci tafkin. Sai ta ce iskar tafkin nan a wannan watan ba ta wasa, kuma idan gudun iska ya ninka biyu, jan laima ninka huɗu yake yi. Babbar laima ta ranar lumana ce da kuma wanda hannunsa ya riga ya goge. Ɗan koyo a iska mai ƙarfi ƙarama yake bukata, wadda in ya tura sanda gaba za ta sassauta, in kuma abu ya ɓaci yana da hanyar rabuwa da ita nan take. Ta nuna masa wani jan zobe a gaban ɗamara. In an tura shi, igiyoyi su saki, laima ta faɗi kamar tsumma.

Ya ce mini da Hausa, don kada tsohuwar ta ji, "Wannan ai ta yara ce."

Na ce masa, "Kullum ina gaya wa mutane ba a fara magani da babban awo. Kai ma ba za ka fara ba."

Ya shafa yadin ƙaramar da bayan hannu. Tsohuwar ta sa shi ya tura jan zoben sau goma a gabanta, idonsa a rufe, kafin ta yarda ta naɗe masa ita. Ta kuma haɗa shi da mai koyarwa, ta ce ba da yawunta ba zai taka tafkin shi kaɗai.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da ɗan koyo. Ba ta taɓa fizgar mutum ba tare da ta yi masa gargaɗi ba. Idan aka shimfiɗa ta aka danne gefenta da dusa, sai ta riƙa cewa fur-fur-fur, kamar mai gyaran murya. Idan ta cika ta tashi, sau ɗaya take cewa bum. Daga nan sai igiyoyinta su ɗauki wani siririn fito, fiii, wanda ke ƙara tsini gwargwadon ƙarfin iska. Kwana tara ta yi tana aiki. Biyar na farko ta ƙare su tana kallon maigidana yana faɗuwa yana tashi. A na shida ya yi tafiyar da na daina gane fuskarsa, ya juyo, yana ihu da Hausa a tsakiyar ƙasar mutane.

A rana ta tara ta yi aikin da ya sa nake rubuta mata wannan takarda. Iska ta taso babu sallama, dusa ta turnuƙe. Wani mutum mai babbar laima da ke kusa da Abban Suhaila, iska ta ɗaga shi ta buga da ƙasa, ta ja shi har bakin duwatsu. Daga baya muka ji ya karye a ƙugu. Abban Suhaila ya tura sanda, 'Yar Huɗu ta sassauta. Da bai isa ba, ya tura jan zoben, ta sake shi, ta faɗi can gefe. Ya dawo da ƙafarsa, yana rungume da ita a ƙirji. Bai ce mini na yi gaskiya ba. Ya dai saya mini safar hannu mai kauri a hanyar gida.

Da muka dawo Madina ya warware ta a falo, sai ga ruwa ya jiƙa kafet. Dusar da ta maƙale a aljifanta ce ta narke a hanya. Ya durƙusa ya taɓa wurin da tafin hannu, ya daɗe bai tashi ba.

Daga wannan shekara, duk lokacin sanyi idonsa na kan labarin Jabal al-Lauz, dutsen nan na bayan Tabuka da dusa ke sauka a kansa wasu shekarun. Abokin tafiyarsa maƙwabcinmu ne Bakri, haifaffen nan, wanda kakanninsa suka zo aikin hajji a ƙafa suka zauna. Sau biyu suka tafi. Na farko, kafin su isa dusar ta narke. Na biyu sun same ta, amma siririya ce, duwatsu na leƙe ta ƙarƙashinta, iska kuma ta ƙi motsi. Bakri ya ce mini, "Wallahi ya Diktora, mutuminki ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya zauna gefenta yana shan shayi, khalas. Har muka taso yana nan zaune."

Karo na uku, wata Talata ce ta watan Janairu, shekara huɗu da suka wuce. An ce dusa ta sauka da yawa. Ya naɗe igiyoyin a jikin sanda yadda ya saba, ya ɗaure bakinsu, ya sa ta a jaka, ya ajiye jakar a bakin ƙofa. Ya zauna ɗaure takalmi, Bakri na jiransa a ƙasa. Ina kicin ina zuba musu gahawa a fulas na ji wani abu ya faɗi. Zuciyarsa ce ta tsaya. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, kafin magariba an rufe shi a Baƙi'a.

Jinyar 'Yar Huɗu daga ranar ta fara, kuma laifina ne. Na kasa ganin jakar a bakin ƙofa, sai na sa aka hau da ita ɗakin ajiya na saman bene, inda babu mukayyif mai sanyaya ɗaki, babu taga. Bazara huɗu ta yi a can. Abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau shi ne ba ta yi shiru ba. Da rana tsaka, idan na dawo daga aiki na hau shanya, unguwa tsit, kowa ya shige daga zafi, sai in ji ta bayan ƙofar ƙarfen nan: fur-fur-fur. Na gaya wa kaina zafi ne ke motsa yadin. Ni mai ilimin kimiyya ce, na san hakan na iya faruwa. Duk da haka nakan tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu har ya bushe. Sau ɗaya na buɗe ƙofar. Jakar na nan yadda aka ajiye ta, zif a rufe, ɗakin kuma na warin safar hannunsa.

Watan jiya Suhaila ta zo hutu. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran yaran da suka tashi a nan. Ta sauko da jakar ba ta tambaye ni ba, ta ce, "Ummi, haram. Ko sau ɗaya mu tashe ta." Na ce a'a. Ta ce me ya sa. Sai na nuna mata ƙullin da ke bakin igiyoyin. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya ɗaure a duniya, don takalmin bai ƙarasa ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, na yi. Bayan mako biyu ni da kaina na ce ta kira Bakri.

Ranar Asabar an yi iska mai kyau. Bakri ya kai mu wani fili mai baƙaƙen duwatsu, nesa da wayoyin lantarki. Ni na kwance ƙullin. Bai yi gardama ba, ja ɗaya ya saki, kuma wannan sauƙin ya fi komai yi mini ciwo. Yadin ya yi danƙo, yana manne wa yatsa. Suhaila ta ɗaura ɗamarar mahaifinta a kan abayarta, ta riƙe sanda yadda ya koya mata a tafkin. Ta ja.

Bum.

'Yar Huɗu ta tashi. Ta tsaya a saman kanmu, ja a cikin shuɗin sama, igiyoyi suka ɗauki fiton nan. Ban san lokacin da na waiwaya dama ba, inda Abban Suhaila ya saba tsayawa. Babu kowa a wurin sai inuwarta tana kai da komo a kan duwatsu. Ba na jin ta kai minti biyu. Sai wani farin abu ya fara zubowa daga jikinta, ƙanana-ƙanana, yana sauka a hankali a kan baƙin dutse da baƙaƙen abayoyinmu. Rufin cikin yadin ne da zafi ya cinye yake ɓarewa. Bakri ya ɗaga kai, ya cire tabarau, ya ce a hankali, "Subhanallah. Talj. Dusar ƙanƙara."

Sannan laimar ta ce kyaaat, tun daga gaba har baya. Suhaila ta tura jan zoben. Ya yi aiki, kamar ranar farko. 'Yar Huɗu ta sauko gida biyu.

Mun kai ta wurin Hajiya Maiturare, tsohuwar telar unguwar Al-Sih, wadda ta ɗinka wa rabin matan unguwar nan kayan aure. Ta sa allura sau ɗaya, yadin ya bi allurar ya tsage. Ta ajiye, ta dube ni ta saman gilashi, ta ce, "'Yata, wannan ta gama. Ki bar ta ta huta."

Ta rasu ta bar sanda ɗaya, da ɗamara, da katakan zamiya guda biyu da ba su taɓa taka ƙasar Hijaz ba. Ta bar Suhaila, da Bakri wanda ya yi mata direba sau uku, da ni. Tun ranar Asabar na hau saman bene sau da yawa da rana tsaka. Shiru ne. Ban yi zaton shirun zai fi nauyi ba.

Ga yadda aka tsara. Ba za a yi mata salla ba, ba kabbara, ba zaman makoki. Yadi ce da igiya, na sani, kuma kada wani ya je ya ce Diktora ta zautu. Wanda ke da addu'a ya yi wa mai ita. Ranar Alhamis bayan la'asar za a wanke ta da ruwan sanyi, ba sabulu, a saman benenmu da ke Ƙurban. Hajiya Maiturare za ta naɗe ta. Daga nan Bakri zai kai mu gonarsa ta dabino a bayan gari, inda ya ba mu wata kusurwa, ya kuma ce zai haƙa ramin ya koma mota ya jira.

Ranar da aka kai Abban Suhaila, a bakin katangar Baƙi'a na tsaya tare da sauran mata, ina leƙe ta tsakanin ƙarafa har kafaɗun maza suka rufe mini shi. Har yau ban san wane tudu ne nasa ba. Saboda haka wannan rakiyar ta mata ce, kuma har bakin rami za mu je. Ni zan sa ta da hannuna.

Wadda za ta zo, ta sako takalmi mai kauri, don hanyar gonar akwai tsakuwa. Ko an yi iska ranar, ba za a ɗage ba.

Sanarwa daga Ikilima Habu Gumel, Umm Suhaila, a madadin iyali.