Baƙin Takalmin da Ya Cika a Hawa na Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da har yau ba su daina zugi ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar takalmina, baƙi, sau-ciki, mara tsini. Ya cika ranar Alhamis da ta wuce, wajen ƙarfe biyu na rana, a hawa na huɗu na ofishin da aka ɗauke ni aikin masinja. Ya rasu yana da shekara goma sha ɗaya a ƙafata. Ba zan ce Allah ya ji ƙansa ba, don takalmi ne, kuma ko da ban yi karatu mai nisa ba na san iyakata. Amma na sha zama a wurin da ake ta yabon mutanen da ba su yi rabin aikinsa ba.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, ba kuma zan yi masa ƙarya don ya tafi ba. Faɗin baki gare shi, kuma baƙinsa ya koɗe ya koma kalar gindin tukunya. Sai dai bai taɓa cizona ba ko sau ɗaya. Shekara biyun da maigidana ya yi yana jinya, shi ya riƙa kai ni asibiti yana dawo da ni, shi ya tsaya da ni a layin karɓar magani tun safe har rana ta take. Ba shi da surutu. A kan siminti abin da yake cewa kawai shi ne "shaf, shaf," in kuwa ruwa ya dake mu, na hagun ya ɗan ce "ƙiiƙ" sau biyu ya yi shiru. Da wannan muryar yarana suke gane na dawo tun ina bakin ƙofa, su yi maza su ɗauki littafi kamar tun ɗazu karatu suke yi.

Ga yadda ciwonsa ya samo asali, don masu tambaya su huta.

Maigidana ya tashi daga jinya, amma ƙarfin aiki bai dawo ba. Ga yara uku. Sai aka yi mini hanyar aikin masinja a wani ofis mai hawa biyar, aka ce gwajin wata ɗaya za a yi mini: in na yi, a riƙe ni, in ban yi ba, a ce an gode. Aikin shi ne ɗaukar fayil daga wannan ɗaki zuwa wancan. Akwai lif, akwatin nan da ke hawa da mutane sama, amma na manya ne da baƙi. Masinja matattakala take bi. Ban taɓa aiki a ofis ba, ban kuma san me ake sawa ba, sai na yi kuskuren tambaya.

Matar yayana na tambaya, wadda muke ce wa Anti. Ita ma ba ta taɓa aikin ofis ba, amma tagar ɗakinta tana kallon ƙofar wani babban ofis, kuma shekara da shekaru tana leƙen mata suna fitowa daga mota suna shiga. Wannan leƙen ne ya mai da ita farfesar gidanmu. Ta ɗaga marigayin da yatsa biyu kamar ta tsinci mushen ɓera, ta ce in na shiga da wannan, tun daga bakin ƙofa za a miƙo mini tsintsiya. Autarmu, ƙanwata, ta mara mata baya, ta dinga tura mini waya a fuska tana nuna mini hotunan mata tsaye a kan tsini kamar an kafa su da guduma. Ta ce ofis ba asibiti ba ne, Yaya, a daina ba mu kunya.

Suka tasa ni gaba zuwa kasuwa da sanyin safiya. Aka zaunar da ni a benci, mai takalma ya shimfiɗa kwali, ya zura mini wani mai sheƙi, mai tsinin baki da tsinin dunduniya. Na ce ya matse ni. Ya ce zai saki. Anti ta ce duk matar ofis da na gani a matse take, haka ake yi, wayewa ba ta zuwa da daɗi. A zaune aka gwada shi, ƙafa ɗaya, da safe. Cikin mu huɗu babu wanda ya ce in tashi in taka. Babu kuma wanda ya tuna cewa ƙafar mace mai shekara arba'in da shida da yamma ba ita ce ƙafarta ta safe ba.

Ranar farko na bar marigayin a ƙarƙashin gado. Daga ƙasa zuwa hawa na biyar taki tamanin da takwas ne, na san su ɗaya bayan ɗaya. Sabon ya yi ta "ƙwas, ƙwas," yana shela kamar wata babba ce ke tafe, alhali ni ce a bayan fayil ina dafa bango. Kafin tsakar rana dunduniyata ta yi bororo, bororon ya fashe. Takardar da ake nema ƙarfe goma sha ɗaya ta isa sha biyu saura. Shugabar sashen, wadda kowa ke ce wa Madam, ba ta ko dube ni ba. Agogo ta duba, ta ce a nan ba a yawon shan iska.

Washegari na naɗe marigayin a leda na cusa a jaka. A nan ne nawa laifin yake, kuma zan faɗe shi. Maganar Anti ta riga ta shige ni, ina jin kunyar a gan shi. Sai na ɓullo da dabara irin ta marar wayo: a matattakala in sa marigayin, in na zo ƙofar ofisoshi in laɓe in cire shi in sa mai tsini, in na fito in sake canzawa. A yini sai na yi haka sau talatin. Don in rama lokacin da canjin ke ci, na riƙa take masa dunduniya, ina cusa ƙafa ba ko sa yatsa, ina tsallake taki bibbiyu. Shi ke yin aikin a ɓoye, wancan ke shiga gaban manya yana karɓar gaisuwa. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

A mako na biyu na hagun ya buɗe baki. Na kai shi wurin shumekan bakin titinmu, ya ɗinke. A mako na uku na daman ya tsage a tsakiya, aka sa masa gam. Muryarsa ta canza, "shaf, shaf" ta koma "faƙat, faƙat," kamar tsoho mai tari. Da na koma karo na uku, a makon ƙarshe, shumekan ya juya shi, ya sake juyawa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Uwar gida," in ji shi, "babu sauran inda allura za ta kama. Ki dai lallaɓa shi."

A makon ne kuma Madam ta kira ni. Ta ce ina da ladabi, ba na ɓatar da takarda, amma ta rasa gane inda nake ɓacewa tsakanin hawa da hawa. Ta ce ranar Alhamis wata zai cika, ranar za ta yanke. Na koma gida na kalli yarana suna cin abinci, ina lissafin kwanakin da suka rage.

Ranar Alhamis aka ba ni fayil daga ƙasa, aka ce Madam na jira, za ta shiga taro da shi. Na haura da gudu. Da na isa ƙofar hawa na huɗu na ga babu lokacin laɓewa, sai na runtse ido na shiga da marigayin, karo na farko tun da na fara aiki. Babban ɗaki ne mai tebura takwas, ƙasansa santsi. Ina tsakiyar ɗakin ƙasan na hagun ya rabu da samansa gaba ɗaya. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "fyat." Na zube a kan gwiwa, takardu suka watse ƙarƙashin tebura, jakata ta kife, mai tsinin ya gangaro fili.

Ina rarrafe ina tattara takardu ne na ga abin da ba a gani ta tagar Anti. Ƙarƙashin kowane tebur akwai mai tsini, a kwance a gefensa yana hutawa. Ƙafafun kuwa, wannan tana cikin silifas, waccan tana cikin na roba, wata ta ɗora tata tsirara a kan kwali, wata kuma safar maza ce a ƙafarta, har da huji a babban yatsa. Sai ga Madam ta fito da jin ƙarar faɗuwata. Daga inda nake ƙafarta na fara gani: wani shimfiɗaɗɗen takalmi ne, an take masa baya, wanda na tabbata ya girmi nawa.

Ta dubi gawar, ta dubi mai tsinin, ta tambaye ni me ke nan. Na gaya mata komai, da laɓewar da canjin da Anti. Ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Mama, wa ya aike ki?" in ji ta. "Mu daga mota zuwa kujera muke sa shi. Ke da kike hawa bene?"

Ta karɓi fayil ɗinta ta tafi taro. Da ta fito ta sa hannu a takardar riƙe ni a aikin, ta ce in zo Litinin da takalmin da zai iya tafiya, baƙi, rufaffe, shi ke nan abin da doka ta ce. Ashe wata guda na yi ina ɓoye wanda tun farko shi ne doka ta yarda da shi.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda yake kwance a bakin ƙofa, rai a hannun Allah, ba shi da sauran amfani shi kaɗai. Ya bar gwangwanin man takalmi da ya kusa ƙarewa, da buroshi mai faɗaɗɗen gashi, da safa ƙafa uku. Ya bar mai tsini lafiya lau, ko ƙwarzane babu, kamar yadda malalata suka saba daɗewa. Ya bar Auta, wadda ta ce ita hoto kawai ta nuna. Ya kuma bar Anti, wadda ta zo ta'aziyya ta ce ai da na iya taku da duk wannan bai faru ba, sannan kafin ta tashi ta tambaya ko zan ara mata mai tsinin ta je biki. Na ba ta kyauta. Na ce sharaɗina ɗaya, ta sa shi a nan ta taka zuwa gida. Ta kai ƙarshen layinmu, daga nan aka gan ta da shi a hannu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a rumfar shumeka. Zai yanke abin da ya rage na fata mai kyau don yi wa takalman wasu faci, haka na ga ya dace da halin marigayin. Sauran za a sa shi a kwalin da mai tsinin ya zo a ciki, don kwalin ya fi abin cikinsa daraja. Ana karɓar gaisuwa a gida har ƙarfe goma sha biyu, ba za a wuce haka ba.

Da ƙarfe huɗu zan tafi kasuwa, a ƙafa, don ƙafar ta kumbura ta faɗi gaskiyarta. Zan gwada duka biyun a tsaye, in taka zuwa ƙarshen layi in dawo, in kuma akwai matattakala kusa sai na hau ta. Ba na neman rakiya. Duk mai shawara ya riƙe abarsa, don ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi ni kaɗai zan hau benen.